Haƙora Biyar na Fiyanon Uwar Ɗakina

A unguwar Hindawiyya, a ƙasar Larabawa, aka haife ni, kuma ban taɓa ganin fiyano ba sai da na kai shekara talatin, bayan rasuwar maigidana. Wani kuku Bahaushen Sudan, wanda muke kira Kawu, shi ya samo mini aikin shara da guga a gidan wani injiniya mutumin Japan. Da aikin nan muke ci, ni da Inna da 'ya'yana biyu. Ranar farko Kawu ya nuna mini wani baƙin akwati a falo ya ce, "Ki goge shi, halas, iyakarki ke nan. Wadda kika gada yatsa ɗaya ta ɗora masa, washegari tana gidansu."

Uwar ɗakina, matar injiniyan, Larabcinta bai fi cikin cokali ba, ni kuma ba na jin yarensu, sai nuni da hannu. Kullum da hantsi takan zauna ta buga kiɗa guda a kan fararen haƙoran abin: biyu a jere, ta tsallake ɗaya, uku a jere, ta tsallake ɗaya. Murya biyar ke nan. Na kuwa san murya biyar, don da su Inna take waƙar niƙan da ta taso da ita daga ƙasar Hausa. Amma a kunnena biyu daga cikin na matar nan a karkace suke. Wata uku ina guga ina jin haushi, ina cewa a raina, baiwar Allah da arzikinta da komai, an rasa mai gaya mata tana kuskure.

Ran nan ta shiga wanka, karambani ya ci ƙarfina. Na ɗaga murfin, na lalubo inda nake ganin yatsunta, na matsar da karkatattun nan biyu gaba da haƙori ɗaya ɗaya. Sai ga waƙar Inna ta fito tas. Daɗi ya kwashe ni har da kaɗa kai, ban ji fitowarta ba. Muryar Kawu na ji daga ƙofar kicin: "Innalillahi! Yalla, maza ɗauki mayafinki, ya binti."

Ni kuwa bakina bai taɓa sanin tsoro ba. Tunda korar ta zo, na ce bari in yi mata gyaran kafin in tafi. Na danna nata na ce da Larabci, "Galat," wato kuskure. Na danna nawa na ce, "Mazbut," wato daidai.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama yatsana ta mayar da shi kan haƙorin da na ƙi, ta rera da wata siririyar murya, tana jijjiga hannuwa kamar mai lallashin jariri. Ta nuna hoton wata tsohuwa da ke bisa fiyanon. Ashe waƙar renon da uwarta ta yi mata ce, kuma haka suke yin ta a can. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na ji kunya ƙwarai, ni da na zo gyara wa mace waƙar uwarta.

Sai ta nuna mini kujerar fiyanon. Na zauna ina tunanin abin da zan gaya wa Inna idan na koma ba aiki. Amma wata uku kiɗan nan yana cikin kunnena. Na buga shi yadda take buga shi, da karkatattun da komai, daga farko har ƙarshe, yatsana bai zame ko sau ɗaya ba. Da na waiwaya, hawaye ne a fuskarta, Kawu kuma yana tsaye da ludayi, baki buɗe.

Har yau ina alfahari da wannan hantsi. Ban taɓa zama a aji ba, ban san baƙi ko ɗaya na takardar kiɗanta ba, amma na mayar da ita gidan uwarta da yatsun da suka saba da omo.

Washegari na shigo da tsummana, na tarar da kujera biyu a gaban fiyanon. Kawu ya leƙo ya ce, "To, gugar fa?"

Na ce, "Ta jira, Kawu. Yau ita za ta koyi ta Inna."