Giɓin da Malam Abdulbaƙi Ya Ƙi Rufewa

Don Allah ku faɗa min, kun taɓa ganin inda aka aiko wa mamaci da wa'adi? Ni dai ban taɓa gani ba sai a kan Malam Abdulbaƙi. Ranar da muka kai shi makwancinsa, ko ƙasar hannunmu ba mu gama karkaɗewa ba, saƙo ya shigo wayarsa wai an ba shi kwana bakwai ya ƙarasa aikinsa, in bai ƙarasa ba za a rufe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Abdulbaƙi na Hotoro rasuwa ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, da hantsi, bayan ya yi jinyar sati uku da 'yan kwanaki. Ya bar Hajiya Sauda da 'ya'ya biyar. Shi ne mai kula da ɗakin gwajin ruwa a kamfanin jimar fata da nake aiki a Challawa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don har yanzu a can nake cin abinci.

Sunana Uwaisu. Wata takwas ke nan da zuwana Kano daga ƙauyenmu ta wajen Ringim, a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya. In kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri, abin da ke raina ne ya fi ƙarfin iyawata.

Malam, ku ne mutum na farko a kamfanin nan da ya tambayi sunana. Kowa "kai, mai kwalba" yake ce min, saboda aikina ke nan, in je bakin bututun da ruwan jima ke fita zuwa kogi in ɗebo a kwalba in kawo muku. Ran da na fara shigowa na tsaya a bakin ƙofa ina cire takalmi, don na ga wajen da tsafta kamar masallaci. Kuka yi dariya kuka ce in mai da abina, nan ɗakin da ake kawo ruwa mafi wari a Kano ne.

Ku kuka nuna min yadda abin yake. Akwai wata na'ura da aka tsoma a cikin ruwan, duk minti goma tana turo lamba zuwa kwamfuta, kwamfuta kuma ta haɗa lambobin ta zana layi. In layin yana ƙasan jan alama, ruwa ya tatu, babu laifi a sake shi kogi. A ƙarshen wata a buga zanen a takarda, ku sa hannu, a ajiye wa masu zuwa dubawa. Manhajar da ke zana layin kuka ce ta kyauta ce, ba ta wani kamfani ba. Da kuka ga ban gane ba kuka ce kamar rijiyar unguwa take, kowa ya zo ya ɗiba, wanda ya ga guga ya yage shi zai ɗinke. Na tambaye ku to wa ke biyan mai ɗinkin, kuka ce Allah.

Wata rana an ɗauke wuta tun safe. A wajenmu in an tayar da janareto, gangunan jima ake fara ba wa, famfon tace ruwa da na'urar awo sai su yi awa biyu, awa uku suna jira. Amma ruwa ba ya jira, fita yake ta yi. Na kawo muku kwalba ruwanta ya yi shuɗi-shuɗi, wari har cikin ido. Da wuta ta dawo kuka ajiye kwalbar a gefen kwamfuta, kuka nuna min layin. Ya miƙe sumul daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, yana kwance a ƙasan jan alama kamar ba abin da ya faru. Kuka ce, "Uwaisu, tsakanin kwalbar nan da layin nan akwai maƙaryaci ɗaya. Wanne ne?"

Na ce ai kwalba da hannuna na ɗebo ta.

Sai kuka yi min bayani. A wannan awa ukun ba a turo lamba ko ɗaya ba, kamata ya yi manhajar ta bar wajen fayau, giɓi, don mai dubawa ya san ba a auna komai ba. An ma tanadi hakan a cikinta, amma in dai da lokaci ake jera lambobin, sai ta manta, ta ja layi daga lambar ƙarshe zuwa ta gaba. Kuka ce waɗanda suka rubuta ta ba mugaye ba ne, kawai a garinsu ba a ɗauke wuta, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura. Ni kuwa hankalina ya tafi wajen Gwaggo Aina'u da nake zaune a gidanta, can ƙasa da kamfani. Da ruwan kogin nan take ban ruwan alayyafonta.

Daga ranar kuka ɗaura ɗamara. Kuka rubuta wa masu kula da manhajar, wata mata ta amsa, ba mu san fuskarta ba, hoton kyanwa ta sa a madadin nata. Ta ce lallai kuskure ne, in kuna iya gyarawa ku turo, amma sai gyaran ya tsallake duk gwaje-gwajensu. To kafin ma a zo gwaji, saka sabuwar manhajar a kwamfutarmu ya gagara. Kwana huɗu kuna fama, ta fara saukowa ta tsaya, ta zubo jan rubutu. Kun canja waya, kun canja layin data, kun goge kun sake, har na ji kuna yi wa kwamfutar magana kamar mai lallashin jaki a bakin rafi.

Ran na huɗu na leƙa ƙasan allon don in ga ko azahar ta yi, sai na ga ƙarfe sha biyu da minti kaɗan, alhali rana ta karkata. Na ce Malam agogon nan naku a baya yake. Kuka duba, sannan kuka kwashe da dariya har hula ta faɗi. Ashe ɗan batirin agogon kwamfutar ne ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma wata tsohuwar shekara, su kuma can inda ake sauko da manhajar ba sa yarda da kwamfutar da ba ta san yau ba. Kuna gyara kwanan wata abu ya shiga. Kuka kira ni injiniyan agogo, kuka saya min tsire a bakin get. Ko babana bai taɓa gaya wa mutane cewa na san wani abu ba, amma ku har direbobi sai da kuka ba su labari.

Gwajin ɗari biyu da wani abu ne. In ya wuce ya nuna kore, in ya faɗi ya nuna ja. Na farko ja goma sha bakwai muka samu. Ni nake karanto muku lambar waɗanda suka yi ja, kuna rubutawa a bayan kwalin shayi. A gyara wannan, wancan da yake kore ya koma ja. Matar mai kyanwa wani lokaci sai ta yi kwana goma ba ta amsa ba, in na yi tsaki ku hana ni, ku ce su biyu ne kacal ke riƙe da abin, su ma sai sun tashi daga nasu aikin suke dubawa. Kuka sayi littafin rubutu mai shafi ashirin kuka rubuta min matakan da manyan baƙaƙe, layi shida, don kun san a hankali nake karatu. Layin farko: DUBA AGOGO.

A ƙarshen Maris kuka buga zanen da gyaranku a ciki. Ya fito duk giɓi kamar haƙoran tsohuwa. Ina wanke kwalabe Manaja Labaran ya shigo da takardar a hannu, ya ce kun lalata musu zane, shekara shida yana fitowa lafiya sai yanzu. Kuka miƙe tsaye, don ba ku taɓa yi masa magana a zaune ba duk da kun girme shi, kuka ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na ɗauke wutar ba. Wajen da ba a auna ba ne na bari a buɗe."

Manaja ya ce wannan taɓe-taɓenku ne, shi manhajar da duniya ke amfani da ita ya sani, ku mai da ita. Da ya fita kuka ce min ya faɗi gaskiya a abu ɗaya. Muddin gyaran a kwamfutarmu kaɗai yake, taɓe-taɓen Abdulbaƙi ne, kowa zai iya gogewa. Amma in ya shiga uwar manhajar, duk wanda ya sauko da ita, a Sharaɗa ne, a Bompai ne, ko wata ƙasa da ake ɗauke wuta irin tamu, da giɓin zai same ta, kuma ba manajan da zai ce a cire.

Ja ɗaya ya rage. Ranar Alhamis da la'asar shi ma ya koma kore. Na ce Malam ku tura mana. Kuka ce a'a, ba kwa tura abin da sau ɗaya kuka gwada, sai gobe in Allah ya kai mu. Kuka kwafe aikin a filashi kuka jefa a aljihu. Gobe ta zo, kuka faɗi a harabar masallaci bayan Juma'a, hawan jini, kuma bakinku bai sake buɗewa ba.

Abin da ya biyo baya shi ke ci min rai, Malam, kuma sai na faɗa. Kuna kwance kwana biyar aka kawo wani mai jakar baya ya goge kwamfutar tas, ya mai da tsohuwar manhajar. Zanen Afrilu ya fito a miƙe kamar igiyar shanya, wani ya sa hannu. A watan nan ni na san sau nawa na ɗebo ruwa mai shuɗi, yanzu ba mai karɓar kwalbar ma, in na kawo sai a ce in ajiye can. Kujerarku an kai ofishin masu gadi. Ranar sadakar uku Manaja Labaran ya zo da babbar riga, ya zauna a tabarmar gaba, ina jin sa da kunnena yana cewa kamfani ya yi rashin mutum mai gaskiya. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na tashi na koma bayan gida, don na ji abin da zai fito daga bakina ba na gidan makoki ba ne. Ni baƙo ne a birni, ban san ko haka ake yi ba, a yabi gaskiyar mutum bayan an tabbatar ba za ta ƙara tashi ba.

Mubina, babbar 'yarku mai karatun jinya, ita ta nuna min saƙon wa'adin, ta ce ko na san wannan aikin na Baba. Ta fassara min. Ba mutum ne ya rubuto ba, na'ura ce da suka sa tana share ayyukan da aka daɗe ba a taɓa ba. Mubina ta rubuta musu cewa mai aikin ya rasu. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo: an gode, a turo gyaran ƙarshe da sakamakon gwaji. Ko Allah ya jiƙansa babu. Matar mai kyanwa har yau shiru. Ina so in ji haushinta, sai in tuna kun hana ni.

Filashin Hajiya ce ta tsince shi a aljihun rigar da aka kai ku asibiti da ita, lokacin da take haɗa kayanku. Littafin kuma yana wajena. Shekaranjiya da jiya muna zaure ni da Mubina da kwamfutarta ta makaranta, masu gaisuwa suna wucewa suna kallonmu, wata tsohuwa har ta ce yaran zamani ko a gidan mutuwa sai danne-danne. Ita ta iya Turanci ba ta san matakan ba, ni na san matakan ban iya Turanci ba. Shekaranjiya a layi na uku muka maƙale, wani abu da manhajar ke buƙata ya ƙi shiga, sai da muka sake daga farko sau huɗu. Jiya ya shiga, gwaji ya fara gudu, kore, kore, kore, muna ƙirgawa har sittin da ɗaya, sai batir ya mutu. An ɗauke wuta tun safe. Mubina ta kifa kai a gwiwa.

Allah ya jiƙanku Malam, ya gafarta muku, ya haskaka kabarinku, ya sa ruwan da kuka so ku tsare wa mutanen da ba su ma san sunanku ba ya zama sanyi a gare ku. Allah ya sa kada a samu giɓi a littafinku na alheri. Hajiya Sauda, Mubina da ƙannenta, da 'yan'uwa na Hotoro baki ɗaya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku. Waɗanda suka goge aikinsa kuwa ba zan yi musu baki ba, don shi ba zai so ba. Allah dai ya nuna musu kwalbar.

Yau Talata, yau ne bakwai, na addu'a da na wa'adi duka. Maƙwabcin su Mubina ya yi alkawarin ba mu janareto daga la'asar zuwa magariba. Ban san da agogon wace ƙasa suke ƙirga kwana bakwai ɗin ba, wataƙila ma sun riga sun rufe muna nan. Mubina ta ce in ya yi kore mu tura nan take. Na ce mata a'a, sau biyu za mu gwada, haka Malam yake yi. An tashe mu daga aiki, tsakanina da Hotoro adaidaita biyu ne, ga littafin a aljihuna. Bari in tafi.