Ranar da Hauwa Ta Fassara Maganata a Takoma Park

Sati biyu takardar izinin 'yata Hauwa tana cikin jakata ban sa hannu ba. Shekararta goma, makaranta na so ta shiga gudun tsallake shinge. Ni kuwa na tashi da jin cewa tsalle yana lalata mahaifar mace, abin da na faɗa mata ke nan.

Sai malamarsu ta ba ta aikin rubuta tarihin wani ɗan tsere na shekara ɗari da suka wuce, ta haɗa mu da jikarsa, wata tsohuwa a Takoma Park.

Landover

Shida da kwata muka fito daga gida, bayan asuba. Direban bas ya ga kular da na rungumo, ya tambayi Hauwa ko ƙaura muke yi. Ɗanwake ne na yi wa tsohuwar. Muka canza jirgin ƙasa sau ɗaya, ina riƙe da hannunta gam, tana cewa, "Mama, kina karya min yatsa."

Takoma Park

Takwas saura muka isa. Tsohuwa ce baƙa, da sanda. Na durƙusa na gaishe ta, ta zaci wani abu na yar a ƙasa.

Ta nuna mana hoton kakanta yana tsallake shinge, ƙafa ɗaya miƙe. Hauwa na fassara min. Shingen zamaninsu katako ne mai nauyi, in ka buge shi kai ne za ka faɗi. Da rana yana dako a tasha, da yamma yana tsallake kujerun coci. Har ya rasu ƙaurinsa duk tabo.

Ta tambayi Hauwa ko tana gudu. Na ji sunana cikin amsar, na ji ta daɗe.

"Me kika ce mata?"

"Abin da kika ce, Mama. Na mahaifa."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ɗauko wani hoton, ita ce da ƙuruciya a kan shinge. Ta nuna bango, hotunan 'ya'yanta biyar. Na rasa inda zan sa idona. Ɗanwaken ma ban iya buɗewa ba, ita ta buɗe da kanta.

Komawa

A jirgi na aro biro wurin wata mata na sa wa takardar hannu a kan cinyata. Ɗaya da rabi muna gida, alhamdu lillahi.

Asabar Hauwa za ta fara. Don Allah wadda ta san inda ake sayar da dogon wandon gudu da ƙaramin hijabi da ba zai kama shinge ba, a Hyattsville ko kusa, ta sanar da ni kafin Juma'a.