Ranar da Gwadabe Ya Yi wa Babur Allura

Da an idar da sallar asuba, Malam Gwadabe yakan taka zuwa rumfarsa ta gyaran babura da ke bakin hanyar da ta fita daga Kaura Namoda ta nufi Zurmi. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sufanu, sannan ya karɓi shayi wurin maƙwabcinsa Jatau. Shi kuwa Jatau ba ya gajiya da tsokanarsa kan gwangwanayen madara da Gwadabe ya cika bayan rumfa da su, kowanne da wani ƙarfe a ciki naɗe da tsumma. Jatau yakan ce wannan ba gareji ba ne, maƙabartar babura ce. Gwadabe sai ya yi murmushi ya ce a ƙara sukari.

Bana Gwadabe ya ce ya sauka daga aiki. Ido ya yi rauni, baya ya ƙi sunkuyo. Shi ya sa ya dace a faɗi abin da mutane suka gani a rumfar nan.

Wata safiya da damina, Sha'aibu, ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi ƙauyuka, ya turo babur yana haki. Babur ne na daji, mai dogayen ƙafafu, wanda kulocinsa da mai yake aiki, ba da waya ba. Hannun kulocin ya saki lagwaf, giya ta ƙi shiga. A baya ga akwatin rigakafi, ƙanƙarar ciki ta soma narkewa. An riga an yi shela a ƙauyen Gurbin Bore, mata sun bar gona sun taru da goyo. In maganin ya yi zafi ya lalace, kuma uwar da ta yi zaman banza yau da wuya ta sake barin noma ta dawo.

Gwadabe ya buɗe mastan kuloci, ɗan famfon nan da ke jikin hannu mai tura mai, ya dangwala ya sansana. Ya tambayi Sha'aibu me ya zuba. Sha'aibu ya ce jiya ya ga man ya yi ƙasa, sai ya ƙara masa man inji, yana ganin ai mai mai ne. Man ya kumbura robobin ciki, famfo ya mutu. Irinsa kuwa sai Gusau, in ma an dace.

Gwadabe bai yi faɗa ba. Ya fara ce wa Jatau ya sa akwatin a inuwa, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Sannan ya shiga bayan rumfa, ya fito da wani gwangwani mai tsatsa. A ciki akwai mastan wani babur irin wannan da rafi ya taɓa ci, Gwadabe ya wanke ya adana tun lokacin.

"Jatau," in ji shi, "ga ɗaya daga cikin matattun naka."

Ya kwance na da, ya wanke bututu, ya ɗaura wannan. Saura fitar da iska, domin in ta maƙale a bututu hannu zai yi ta laushi kamar soso. Yadda aka saba, ɗaya ya yi ta matsa hannu ɗaya yana buɗe noti yana rufewa, abin da kan ci lokaci, ga rana tana ɗagawa. Gwadabe ya dubi jakar Sha'aibu ya nemi babban sirinji da robar ƙarin ruwa. Ya cika sirinjin da man birki, ya haɗa a notin ƙasa, ya miƙa masa.

"Kai ka saba da wannan. Tura a hankali, kamar jinjiri za ka yi wa."

Mai ya hau daga ƙasa yana koro iska, kumfa ta riƙa fitowa a sama har ta ɗauke. Gwadabe bai yarda ya gwada da kansa kawai ba. Ya ɗora hannun Sha'aibu a kan kulocin, ya ce ya riƙe wannan ƙarfin a ransa, duk ranar da ya ji ya canza ya tsaya ya duba. Sannan ya ce, "Tahi, yara na jiranka."

Bayan la'asar Sha'aibu ya dawo, taɓo har gwiwa, akwati babu ko kwalba ɗaya. Ya ce ya isa da sauran ƙanƙara.

Baba Gwadabe, kai ne ba ka yar da ƙarfe don ya tsufa. Kai ne mai gyaran abin hawa tare da mai hawansa. Akwai yara a Gurbin Bore da Dauran da ke guje-guje yau, ba su taɓa jin sunanka ba, kai ma ba ka nemi su ji ba. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa hutun nan ya yi albarka.

Masu sana'a, mu duba aikin mutumin nan mu kwaikwaya. Yana nan kan bencin Jatau kowace safiya, ga mai son tambaya. Sirinjin ma yana rataye a ƙusa cikin rumfa. Jatau kuwa, duk madarar da ta ƙare, shi ke wanke gwangwanin da kansa ya ajiye masa.