Tsamiya a Aljihun Yaya

Yayana ne gwanin huɗa a ƙauyenmu, can gefen Ƙarfi. Shekarun da masara ta fara daraja, babu gayyar da za a yi ba a aiko masa da goro ba. Makaɗa su tsaya a bayansa, shi kuma ya kama kunya tun hantsi har la'asar, ba ya ɗago kai, ba ya neman fura. Mutane suna cewa baiwa ce. Har yau in na tuna masu faɗin haka raina ɓaci yake, domin rabinsu sun san 'yar farar ƙwayar da ake sayarwa a ɓoye ranar kasuwar Bakori, wasu ma su ne masu sayo masa.

Inna ce ta fara lura. Ba ya barci, tuwonsa ya kwana a kwano, ga wani fari-fari ya bushe a gefen bakinsa. Wata tsohuwa ta gaya mata mai shan ƙwayar nan bakinsa bushewa yake, ko miyau ba ya iya tarawa. Daga nan Inna ta kafa nata gwajin. Duk yamma in ya shigo sai ta tare shi a tsakar gida, ta sa ya ajiye garma ya tofa a kan ƙarfen. In ta ga miyau ya jiƙa ƙarfe, ta yi hamdala ta zuba masa tuwo. Kullum kuwa yana jiƙawa.

Ni ce mai wanki, ni na riƙa tsintar ƙwallon tsamiya a aljihunsa. Ashe a zaure yake tsayawa ya tsotsa har bakinsa ya cika, sannan ya yi sallama. Na gaya wa Inna. Ta ce in rufe mata baki, wane ɗan Adam ne ba ya shan tsamiya?

Bayan kaka ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa cikin karan dawa. Muka kai shi ɗakin magani a Malumfashi. Malamin asibitin Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa kamar tamu. Inna ta ba shi labarin gwajinta har da ɗan alfahari. Bai yi mata dariya ba. Ya ce miyau abin yau kaɗai yake faɗi, kuma ana yi masa wayo. Fitsari ne ke riƙe abin da aka sha kwana da kwanaki, amma sai an kai birni, in ma sakamakon ya fito sunan ƙwayar kawai zai faɗa. Inna ta tambaye shi maganin da zai cire wa Yaya son ta.

"Mama, wannan ba ni da shi," in ji shi, yana goge teburin da babu komai a kai.

Ta karɓi kwalbar gwajin fitsarin dai. Yaya ya cika ta washegari, ta naɗe a tsumma ta ajiye bayan randa. Yau babu mota, gobe ana sussuka, jibi ƙafarta na ciwo. A lokacin haushi ya kusa kashe ni. Sai daga baya na gane tsoron kwalbar take yi, don ita ba a saka mata tsamiya. Wata safiya ta zubar bayan ɗaki, ta koma kan gwajinta na garma.

Da damina ta zagayo babu wanda ya aiko goro. Makaɗan sun samu wani saurayi, shi ma da fari-fari a gefen baki. Yaya yana wuni a zaure, ya rame kamar kara, ba ya gane yawancin masu wucewa.

Wata la'asar ya shigo da garma a kafaɗa, alhali bai taka gona ba, ya ajiye gaban Inna.

"Inna, in tofa?"

Ya sunkuya yana ta motsa baki, maƙogwaronsa na hawa da sauka. Ƙarfen yana nan a bushe. Inna ta dube shi, sannan ta shiga ɗaki ta ɓallo tsamiya daga wadda take kunu da ita, ta danƙa masa a hannu.

"Tsotsa tukuna, ɗana," ta ce. "Sai ka tofa."