Ɗakin Inna da Aka Wanke

Garinmu ba yaƙi ne ya ci shi ba, ba kuma annoba ba. Mu muka cinye shi da hannunmu.

Da, daji ne. Aka ga zinare a bakin rafi, kafin ka ce me mutane sun cika wurin, har da babanmu da digarsa da amaryarsa, Innarmu. Da ƙasar ramuka aka gina komai, gidaje, masallaci, rumfar mai shayi. A nan aka haife ni, a ɗakin da Baba ya gina wa Inna.

Da ramuka suka daina bayarwa, aka fara watsewa. Sai wani mai baƙin wayo ya tuna cewa mutanen farko da gaggawa suke wanki, ƙasar da suka zubar ba ta rasa saura. Ya rushe katangarsa, ya daka, ya wanke a kwano, ya samu ɗan abu. Shi ke nan. Duk wanda zai tashi sai ya wanke gidansa tukuna. Masallaci ma bai tsira ba.

Bayan rasuwar Baba muka kai Inna birni wajen yayana, ni kuma na zo Doha gadi. Ɗakinta kaɗai ya rage a tsaye. Duk Juma'a in na kira ta daga ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, zancen ɗaya ne: in zo hutu in mayar da ita, a can take so ta cika, kusa da mijinta.

Bara yayana ya kira ni ina bakin aiki.

"Ƙanena, na wanke ɗakin. In ban yi ba wani zai yi."

"Me ka samu, Yaya?"

"Bai kai ƙwayar gero ba. Kar ka gaya mata."

Na ce khalas, wato shi ke nan, na kashe wayar. Har yau haushinsa bai sake ni ba. Ko ta gaban shagunan zinare na wuce, sai na kawar da kai.

Juma'ar da ta biyo, Inna ta ce, "Ɗan nan, an ce ɓarayi sun yi yawa a can. Ka sayo min kwaɗo mai ƙarfi na Larabawa, a sa wa ƙofar."

Na saya. Yana cikin jakata, da makullansa.