Littattafan Yaya Ɗan'azumi a Akwatin Masallaci

Ranar Asabar, Thamer da Othman suka kwashe littattafai goma sha ɗaya da ubansu ya rubuta da hannunsa, suka zuba a akwatin masallacin unguwarmu, inda ake ajiye tsofaffin takardu masu sunan Allah kafin a zo a tafi da su. Ubansu, yayana Ɗan'azumi, yana asibiti an yi masa aikin ido. Gyaran ɗaki wai suka yi masa.

A unguwar Nuzla aka haife shi, nan ƙasar Larabawa, cikin Hausawan da tafiyar hajji ta kawo kakanninsu. Shekara talatin yana gyaran agogo a shagon wani ɗan Armeniya mai suna Sarkis. Duk bayan la'asar Sarkis yakan ture agoguna gefe, ya yi ta rubuta labarin ƙauyen kakarsa da wasu haruffa kamar ƙugiyoyi. Ƙauyen ma babu shi yanzu. Yaya ya taɓa tsokanarsa: "Ya mu'allim, wa zai karanta wannan tafiyar tururuwa?"

Sarkis ya ce, "Jikata. Kai fa? Kakarka ta zo daga Katsina da ƙafa, shekara bakwai a hanya, kana nan kana dariya."

Washegari Yaya ya sayi littafi. Ya bi tsofaffin Nuzla gida-gida, wa ya haihu a Sudan, wa ya yi noman auduga ya sami kuɗin jirgin ruwa, duk ya rubuta da ajami, kowane shafi da Bismillah a sama. Sarkis ya koma Beirut da nasa littafin, Yaya ya ci gaba.

Bismillar nan yaran suka gani. Na tambayi Thamer, ya ce, "Ya ammati, goggona, mun ɗauka addu'o'i ne, girmamawa muka yi. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Ka karanta layi ɗaya?"

"Ba ya karantuwa."

"Hausa ce, ɗan nan. Sunan kakarka na ciki."

Alhamdu lillahi, ladan ya ce ba a kwashe akwatin sai Alhamis, mabuɗi na wurinsa. Kuma littafi ɗaya, na goma sha biyu, ya tsira a jakar 'yar Othman mai suna Bayan, malamar makaranta a unguwar Safa. Wata uku ke nan tana zuwa wurina muna haɗa baƙi, har ta fara juyar da shi zuwa Larabci.

Thamer, Othman, Laraba za a sallamo ubanku, ido a buɗe. Ku je wurin ladan yau, ku zazzage akwatin, ku ƙirga goma sha ɗaya, ku jera su inda kuka same su.