Zaman da nake yi a bakin kogi

Jiya ɗana Sale ya ce zai kai ni asibitin masu taɓin hankali, wai kullum ina bakin kogin Haɗejiya na yi jugum. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Yau da safe maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai rubuta min wannan, ta shigo ta ce, "Inna, me kike yi a can?"

Na ce, "Ruwa nake kallo, ina tuna ƙawayena da muka yi wanki tare. Duk sun rasu."

Ta juya wurin Sale ta ce, "Sale, wannan a Turance kwantamfileshin ne, zurfin tunani. A littattafai masu hikima ake yabo da shi."

Ya yi dariya. "Ashe Inna farfesa ce!"

Ya fasa maganar asibiti, na samu barci.

Jama'a, a gidajenku ana barin tsohuwa ta yi tunaninta?